Keken Baba da Bututun Ƙofa

Shekara goma sha tara ina walda, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Ƙofar gida, tagar ƙarfe, gadon yara, duk abin da ya fita daga shagona sai dai jikoki su gaje shi. Shi ya sa ranar da Mai Faci, maƙwabcina mai gyaran kekuna, ya leƙo yana koya mini zaɓen bututu, na ji kamar in tsoma kansa cikin bahon ruwan da yake neman hujin taya a ciki.

Don Baba na fara aikin. Tun da aka yi masa aiki a ƙugu ya kasa ɗaga ƙafa ya tsallake sandar tsohon kekensa, wanda yake hawa kowace safiya zuwa gidan yayarsa a ƙarshen gari. Ita idonta ya yi rauni, shi yake ware mata magungunan yini, su taɓa hira ya dawo. Wata huɗu ke nan sai an kai shi a mota, shi kuwa ya tsani a ɗauke shi kamar kaya. Kekunan kasuwa marasa sanda duk sun yi masa kaɗan, don Baba dogo ne. Sai na ce zan ƙera masa da hannuna.

"In wannan bai yi ba, na haƙura da fita," in ji shi. Baba kuwa ba ya faɗin magana sau biyu.

Mai Faci ya ɗaga bututun da na sayo, ya leƙa bakinsa da ido ɗaya.

"Maƙwabci, wannan fa na ƙofa ne. Kaurin bangonsa milimita biyu. Na keke ko ɗaya bai cika ba."

"Ubana zan ɗora a kai," na ce, "ba buhun auduga ba."

"Na sani. Tunda ka cire sandar sama, ta ƙasan ce za ta ɗauki nauyi. Faɗi za ka ƙara mata, ba kauri ba. Ka nemo mai inci ɗaya da rabi, mai siririn bango."

"Kai faci ka iya. Ƙarfe kuma ka bar mini."

Ya ajiye bututun a hankali ya koma shagonsa, ni kuwa ban ji komai ba. Mu a sana'armu da hannu ake auna aiki. Mai gida ya zo ya ciccibi ƙofa, in ya yi nishi ya biya yana murna. Abin da ba shi da nauyi ha'inci muke ce masa.

Kwana tara na yi a kansa. Na shafa masa koren fenti, na sa taya da sarƙa sababbi, na tura shi gida ina haɗa gumi, ina ce wa kaina zafin rana ne. Baba ya hau a tsakar gida ina riƙe da sirdi, ya zaga sau biyu, ya sa mini albarka. Ni na shigar masa da shi ɗaki, don bai taɓa barin keke ya kwana a waje ba. Ɗakin nan matakala uku gare shi da dokin ƙofa. A nan aka haife ni, amma ko a raina ban kawo su ba.

Bayan mako guda na biya da safe. Keken na nan inda na jingine shi, an rataya masa tawul, tayoyin ko ƙura ba su taka ba. Baba na zaune bakin taga da hularsa ta fita a kai.

"Baba, ba ka je wajen Gwaggo ba?"

"Sauko da shi ƙasa in gani."

Na ciccibe shi, nishi ya ƙwace mini tun a matakala ta farko.

"Ni ma na gwada saukar da shi," ya ce, yana janye hannun riga. Gwiwar hannunsa duk ta kumbura ta yi baƙi. "Shi ya saukar da ni. Ƙofa ka yi mini mai taya biyu."

Ya yi ɗan murmushi, ya cire hular ya ɗora kan taga. "Bar shi haka. Ka yi ƙoƙari."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fita ina jin haushin keken, da matakalar, da Mai Faci da ya yi gaskiya, da ni kaina fiye da kowa.

Washegari na sayo siririn bututun. Ina taɓa shi da wutar walda ya huje kamar leda. Na rage wuta, ya sake hujewa. Kafin azahar na lalata uku, na yi jifa da gilashin fuska har ya daki ƙofar shago. Mai Faci yana can yana buga iska a taya ɗaya tun ɗazu, wai shi bai ga komai ba. Taku shida ne tsakaninmu, amma sai da na yi awa guda kafin na yi su.

"Yaya ake haɗa wannan tsiyar?" na ce.

"Faci fa na iya, maƙwabci."

"Na ji. Yi haƙuri."

Bai ja ba. Ya kunna wutar gas ƙarama, ya ɗauko sandar tagulla, ya nuna mini yadda ake ɗumama mahaɗar har tagullar ta narke ta bi ta shige da kanta. Aiki ne na lallashi, ni kuwa ban iya lallashi ba. Kwana goma sha biyu yana tsaye a kaina yana cewa "janye wuta," ina cizon leɓe. Da muka gama na hau da kaina, da duk tumbina, na bi kowane rami da ke layin. Ko lanƙwasa bai yi ba, abin ma har ya ɗan ba ni haushi.

Da safe na kai shi, na shigar da shi har tsakiyar ɗaki. Baba na kwance, hular na kan taga inda ya bar ta.

"Ba na ce ka bari ba?"

Na ja gefe na tsaya. Ya daɗe yana kallon keken kafin ya tashi. Ya kama sirdi da hannu ɗaya, ya ɗaga, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Sai ya tsallake dokin ƙofa da shi, ya sauka matakala ɗaya, biyu, uku. Na tura hannuwana cikin aljihu don kada su kai masa taimako.

Ya tsaya a ƙasa, bai waiwayo ba.

"Miƙo mini hulata," ya ce.