Allurar Baba Inuwa

Da suka miƙo mini allurar rigakafin mura a ofishinmu na Guri, sai da na sake leƙa cikin kular ƙanƙarar. Na ce, "Ina sauran?" Suka ce ai ke nan, ɗan abin da wata ƙungiya ta aiko ne aka rarraba wa ƙauyuka kafin sanyi ya shigo. Aka kuma ja mini kunne cewa masu juna biyu ne a gaba, sannan tsofaffi masu ciwon ƙirji, in ta rage. In ta rage! Sai ka ce tuwon biki ake magana.

Sunana Laraba, mutuniyar Filato ce ni, ma'aikaciyar lafiya. Na daɗe a ƙasar Haɗeja, har 'ya'yana sun fi ni iya Hausar nan. Ƙauyen da aka ba ni yana can bayan fadama, idan ruwa ya cika babu mota babu babur, sai kwale-kwalen Baba Inuwa. Tsohon masunci ne. Ciwon ƙirji ya raba shi da kamun kifi, amma bai raba shi da jirginsa ba. Shi ke ɗauko ni a bakin hanya, ya ratsa da ni ta cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ya kai ni ya kuma dawo da ni. Bara mura ta kama shi ta sauka a huhu, aka kwantar da shi a Haɗeja, har mun fara cire rai. Ina ƙaunar tsohon nan ƙwarai. Tun muna kan ruwa na ce masa, "Baba, in ta rage ko ɗaya ce, taka ce. Ko da kokawa sai na tsira maka ita."

Ya yi dariya har ta koma masa tari.

Mun tarar an taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, maza a gefe, mata a gefe. Na ajiye kula a kan benci, na ɗaga murya na ce, "Masu ciki su matso!" Suka matso, iyayen 'ya'ya, kowacce da turtsetsen cikinta. Na yi musu. Na sake cewa, "Akwai saura?" Shiru. Sai na koma kan tsofaffi, nan ne kuwa na sha surutu. Wata tsohuwa ta ce ta girmi tsamiyar ma, don me za a tsallake ta? Na ce, "Iya, ke da kike surfe da hannunki har yau? Ki bar wa masu haki." Ta yi mini daƙuwa, aka yi dariya. Haka na yi ta zaɓa ina jin kamar ina yi wa mutane rowa, har allura ta rage guda ɗaya tak. Na sauke ajiyar zuciya, na ce, "Ɗaya ta rage. Baba Inuwa, bismilla."

Ya zo ya zauna, ya naɗe hannun riga. Har na ɗauko auduga, sai na ga ya warware hannun rigar ya sauke.

"Malama, a bari."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "A bar me? Haba Baba! Kai ma ka shiga sahun masu cewa allura na hana haihuwa? Wace haihuwar ce ta rage maka?"

Jama'a suka kwashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya tashi ya yafito ni, muka koma bayan danga inda ba mai jin mu.

Ya ce, "Akwai wadda ta fi ni buƙata a gidana."

"Wace ce?"

"Matar yaron nan."

Haruna yake nufi, ɗansa na fari, wanda ba ya faɗin sunansa. Matar kuwa Shamsiyya ce, bara aka kawo ta. Na gan ta ɗazu a can bayan mata, ta dunƙule cikin hijabi.

Na ce, "Me ya same ta?"

Ya yi ta share ƙasa da ƙafa kafin ya ce, "Ke ma mace ce, Malama. Ta daina shiga inda ake ƙyafe kifi. Shi yaron ya tafi kudu da kaya. Da uwarsa na da rai, ita za ta faɗa miki, ba ni ba."

Cikin fari ne. Yarinya mai cikin fari ba za ta miƙe a gaban surukinta da mutanen gari ta ce ga ni ba, ko da wuƙa aka sa mata a wuya. Ni kuwa na tsaya ina kwaɗa kira kamar mai tallar wake da shinkafa.

Ƙa'ida ta ce ita za a yi wa. Amma ni da idona na ga tsohon nan a gadon asibiti yana neman numfashi. Na ce, "Baba, ka san ƙirjinka. Sanyi na tafe. Sun ce za a ƙaro wata, amma ni ban yarda da maganarsu ba."

Ya ce, "Na sani. Ni mutum ɗaya ne, Malama."

Na ɗauki kulata muka nufi gidansa, ya tsaya a zaure, ni kuma na aika aka kira mini Shamsiyya ɗakinta. Na tambaye ta a hankali, ta rufe fuska da tafin hannu ta gyaɗa kai. Amma da na buɗe kula sai ta maida hannayenta cikin hijabi.

Ta ce, "Anti, ai na ji kin ce ɗaya ta rage. Ta Baba ce."

"Shi ya ce a yi miki."

"A'a. Kullum da asuba ina jin tarinsa ta bango. Ni lafiyata ƙalau."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce abin da ke cikinta fa? Sai ta fara hawaye, amma hannu ya ƙi fitowa. Ga ƙanƙara na narkewa, ga rana na yi. Na fita zaure ina huci, na ce, "Baba, kun haɗu kai da surukarka, taurin kai iri ɗaya. Ta ce sai dai kai."

Can ya ce, "Ba ni audugar nan da kike danna wa mutane."

"Ka yi me da ita?"

"Ke dai ba ni."

Na ce, "Baba, ƙarya za ka sa ni da girmana?"

Ya ce, "Ke kada ki ce komai."

Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya danna audugar a damtse, ya yi gyaran murya ya shiga tsakar gida. Ba ya magana da ita kai tsaye, don haka awakin da ke turke ya fuskanta. Ya bi ta ƙofar ɗakinta a hankali yana yamutsa fuska, yana cewa, "Wash! Kai, Malama akwai nauyin hannu. Ashe wata ta maƙale a ƙasan ƙanƙara, Allah mai iko. Wash!"

Na koma ɗakin. Shamsiyya ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na duƙufa a kan kula kamar na yi ɓatan wani abu. Na ce, "Miƙo hannu." Ta miƙo. Ko motsi ba ta yi ba da allurar ta shiga. Ina haɗa kayana ta riƙo gefen zanena, ta ce ƙasa-ƙasa, "Anti, ki ce masa ya gasa wurin da ruwan ɗumi. Zan ɗora masa yanzu."

Na ce to, na fita da sauri kada ta ga idona.

Muka kama hanyar komawa. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ga kula babu komai a ciki a kan cinyata. Yana tura jirgi da gora, in ya yi kaɗan sai ya tsaya ya yi tari ya ci gaba. Sai da rufin gidajen ya ɓace a bayan kacala sannan ya ce, "Malama."

"Na'am."

"Kwana nawa hannu ke yi yana ciwo in an yi allurar nan?"

Na ce, "Kwana biyu haka. Wani ya fi."

Ya gyaɗa kai, ya tura gora. Can kuma ya ce, "Dama na riƙe ɗazu ko hagu?"

Na ce, "Hagu, Baba."

Ya ce, "Hagu. To, kada in manta."