Gangar da Ake Takawa

Tun da ciwo ya shanye wa Mamuda ɓarin dama, bai ƙara ɗaga ido ya dubi gangarsa ba. Tana nan a jikin rumbu inda Marka, matarsa, ta sagale ta ranar da aka dawo da shi daga asibiti, har danshin damina ya ci fatar ta tsage. Shi ne makaɗin noma na ƙarshe a unguwannin Maguzawan da ke bayan Ƙarfi. Duk manomin da ya isa a kira shi manomi a wannan yanki yana da takensa a hannun Mamuda. Yanzu hannun na kwance a cinyarsa, sai ya ɗauke shi da ɗan'uwansa in zai gyara zama.

Bana kuma gonarsa ce ke neman gayya, wadda ke shimfiɗe a gindin dutse. Dawa ta kai ƙirji ba a huɗe ta ba, ta kuma wuce a sa mata shanu, don karya ta za su yi. In ba a tara mata ƙasa a gindi ba, iskar farko da ta zo da hadari za ta kwantar da ita, abincin gidan na shekara ya tafi ke nan. Sanda, sarkin noman unguwar, ya sa gayya ranar Asabar, ya ce kowa zai zo. Mamuda ya san za su zo. Ya kuma san abin da gayya ke zama in babu kiɗa: a ja 'yan kunyoyi, rana ta ɗaga, wannan ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba, wancan ya tuna surukinsa ba shi da lafiya, kafin ka ankara gona ta koma hannun mai ita.

Ranar Juma'a da la'asar sai ga Ɗanladi, ɗansa, a kan babur, kaya sun kusa binne shi. A Funtua yake zaune, yana kaɗa jita a wuraren biki, irin mai kaurin tsirkiya da ƙasan murya da ake kira bes. Tun Ɗanladi yana ƙarami Mamuda ya gwada ɗora shi a kan ganga, ya duba hannunsa ya ce wannan sai dai dakan fura. Yaron ya tashi da kowane take na ubansa a kunne, amma bai ƙara taɓa fata ba. Shi kuwa Mamuda bai taɓa jin kiɗan ɗan nasa ba, kuma a ransa bai ɗauki abin da ake jona wa waya a matsayin kiɗa ba.

Bayan gaisuwa Ɗanladi ya ce ya zo ne ya kaɗa wa 'yan gayya. Mamuda ya tambaye shi da wace gangar. Sai Ɗanladi ya kwance sifika da batir a gindin ɗorawar ƙofar gida, ya shimfiɗa wani katako a ƙasa. A kan katakon akwai 'yan akwatunan ƙarfe guda uku, shuɗi da ja da kore, kowane da maɓalli a ka da 'yar fitila, an haɗa su da gajerun wayoyi kamar awakin da aka ɗaure a igiya ɗaya. Feda ake kiran su, in ji shi, don da ƙafa ake taka su, kuma kowanne na sauya muryar jitar. A wajen biki ɗaya-ɗaya yake takawa, amma ya yi tunanin in ya kunna su gaba ɗaya zai fitar da muryar ganga.

Ya rataya jita, ya taka su duka, ya ja tsirkiya.

Abin da ya fito daga sifikar ba ya da suna. Injin niƙa da ya haɗiye tsakuwa ma ya fi shi daɗin ji. Kaji suka watse, Marka ta fito da muciya a hannu tana tambayar abin da ya faɗi. Ɗanladi ya murɗa nan ya murɗa can, zufa na tsatsafo masa, abin sai ƙara dagulewa yake. Mamuda ya so ya yi dariya, amma da ya ga yadda yaron ke satar kallonsa, irin kallon nan na ranar dakan fura, sai tausayi ya kama shi. Ya ce a kashe su duka, a kunna masa ɗaya-ɗaya ya ji bakin kowa.

Ɗanladi ya taka koren. Muryar jitar ta nutse ƙasa, ta yi zurfi, har Mamuda ya ji ta a kujerar da yake zaune kafin ta iso kunnensa. Ya gyara zama. Wannan ai cikin ganga ne, kurmin icen nan da ke riƙe murya. Da aka taka jan sai sauti ya yi ƙaiƙayi yana zuza, sak zaren da ake shimfiɗawa a kan fata don ta yi kuka. Mamuda ya nuna shuɗin da haɓa.

Ɗanladi ya taka, ya ja tsirkiya sau ɗaya ya kama ta. Jitar ta yi shiru, amma muryar ta sake dawowa, ta kuma dawowa can nesa-nesa, tana raguwa har ta ɓace.

Tsikar jikin Mamuda ta tashi. Ya san wannan murya. Tun yana saurayi, duk sanda ya buga ganga a gonarsa, haka dutsen nan ke mayar masa da ita. Ya daɗe yana duban akwatin da bai fi tafin hannu ba. Wani mutum, a wata ƙasa da Mamuda bai san ko sunanta ba, ya zauna ya saurari yadda dutse ke amsa magana, ya kama amsar ya rufe ta a ƙarfe. Abin ya ba shi tsoro, ya kuma cika shi da girmama wannan mutum da ba zai taɓa gani ba.

Ya tambayi yadda muryar ke bi. Ɗanladi ya nuna masa da yatsa: daga jita take shiga akwatin dama, ta fita ta shiga na kusa da shi, har ta ƙare a na hagu ta wuce sifika. Abin da na farko ya yi mata, shi na biyu zai tarar ya ɗora nasa a kai. Mamuda ya bi wayar da ido. Shuɗi ne a dama, ja a tsakiya, kore a ƙarshe.

“To me ya kai dutse gaba?”

“Shi ne babba, Baba. Shi na fara saya. Koren nan auta ne, bana ya zo.”

Marka ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce ai ba laifin yaro ba ne, wa ya koya masa cewa a gidan nan ƙarami ba ya riga babba sa hannu a akushi? Mamuda ya harare ta, amma bakinsa na rawa da murmushi, don kuwa shi ne.

“Wannan a akushi ne,” in ji shi. “A gona ciki ke fara magana, zare ya hau kai, dutse ya jira a gama sannan ya amsa. Ka taɓa jin dutse ya riga ni?”

Ɗanladi ya durƙusa ya ɓamɓare akwatunan daga katakon, kowane na yin ƙara yana barin abin da ya manne shi. Ya kai auta dama, ya bar ja a tsakiya, ya mayar da babban yaya can ƙarshe. Waya ɗaya ta gaza, sai da ya matso da su suka haɗa kafaɗa. Ya miƙe, ya taka su duka, ya fara taken Sanda.

Marka ta ajiye muciyar a ƙasa. Ganga ce. Ba kama ba ce ta nesa, ita ce, da nauyinta da kukanta da amsawarta, tana fitowa daga baƙin akwati a gindin ɗorawa alhali gangar Mamuda na rataye a tsage. Mamuda ya ji hawaye na zuwa, ya kau da kai wajen rumbu. Bai taɓa tsammanin zai sake jin wannan murya yana raye ba, balle daga hannun wannan yaro.

Sai dai akwai saura. Shi Mamuda ba ya barin zare ya yi ta kuka. Yakan danne shi da yatsu, sai garmar manomi ta tashi sama ya sake shi, kukan ya sauko tare da ƙarfen. Ɗanladi ya gwada kunna jan yana kashewa, amma kullum ƙafarsa a makare take. Suka yi ta yi, uban na cewa ka makara, har yayyafi ya kore su suka kwashe kaya.

Da safe gona ta cika. Marka ta jera tulunan giya a inuwa, da ƙwaryar fura domin maƙwabta Musulmi da suka zo da garemaninsu. Da aka ga sifika da batir a bakin gona aka yi ta zolaya, ana tambaya ko amarya za a kai. Da Ɗanladi ya ja tsirkiya zolayar ta tsaya. Dattawa suka dubi juna, samari suka tofa yawu a hannu, aka sunkuya.

Har hantsi aiki na tafiya. Daga nan ya fara sanyi. Kiɗan na da murya, amma ba ya ɗaga kowa, don idon Ɗanladi na kan tsirkiyoyinsa, kukan zaren kuwa sai garma ta riga ta sauka yake zuwa. Mamuda na zaune a kujerarsa yana ganin bayan Sanda na miƙewa a kai a kai. Wani ya riga ya fara duban hanyar gida. Fiye da rabin gonar na nan, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Ya ji zuciyarsa ta karye.

Kiɗan ya tsaya. Ɗanladi na duban ƙasa, daidai gaban kujerar, inda ƙafar hagun ubansa ta haƙa ɗan rami a turɓaya. Tun safe take bugawa, mai ita bai sani ba, kuma ba ta makara ko sau ɗaya ba.

Ya durƙusa ya sake ɓamɓare akwatunan. Bai taɓa jerin wayoyin ba, kore na nan a farko, shuɗi a ƙarshe. Sai dai ya ciro doguwar waya daga jaka, ya sauko da jan akwatin zuwa bakin katako, ya tura sauran baya don kada a taka su bisa kuskure. Ya jawo katakon ya ajiye shi a kan ramin.

“Baba, ba da hannu ake kaɗa wannan ba.”

Mamuda ya dubi akwatin, ya dubi ɗansa. Ya tuɓe takalmi. Ƙarfen ya ɗauki zafin rana, maɓallin kuma ya zauna daidai ƙarƙashin babban yatsa. Ɗanladi ya ɗauko taken Sanda daga farko. Mamuda ya kafa wa garmar Sanda ido, ta tashi, ta kai ƙarshen tashinta, ya taka.

Sanda ya daskare da garma a sama. Bai dubi mai jita ba, kujerar ya duba. Sannan ya yi kururuwa irin wadda aka daɗe ba a ji ba a wannan gona, ya kifa ƙarfen a ƙasa, ƙasa ta tashi. Mamuda ya riƙa kiran sunaye, Ɗanladi na ɗauko taken kowa, ƙafar na sakin kuka tana dannewa. Wanda ya fara duban hanya ya dawo a guje da ya ji nasa. Ba wanda ya sake tuna akuya. Kunya na bin kunya, ƙasa na hawa gindin dawa, har suka kai bakin dutse iska na fara kaɗa ganye.

Sanda ya dawo jiki duk laka, ya tsaya gaban kujerar yana haki, ya ce tun bugun farko ya gane hannun. Marka ta ce masa ya duba da kyau, ƙafa ce.

Mamuda ya karkata kai. Kunnensa na wani wuri. Tun ɗazu yake jin kamar amsar ta zama biyu, ɗaya daga sifika, ɗaya daga can bayan dawa. Ya ce wa Ɗanladi ya ƙure murya, ya kuma kashe shuɗin.

“In na kashe shi babu mai amsawa, Baba.”

“Kashe shi. Mai abin na nan.”

'Yar fitilar ta mutu. Ɗanladi ya ja tsirkiya sau ɗaya, Mamuda ya taka, suka saki tare. Gona ta yi tsit, maza na tsaye da garemani a kafaɗa. Sai dutsen ya amsa.