Allura Shida da Na Ajiye wa Iyatu

A 1988, ina aikin ungozoma a Garwa, aka tura ni kwas Yawunde. Can wani likita, Célestin, ya zana mana wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce ƙwayar gujiya ba. Ya ce tana saƙa abu guda mai tsawo, jiki ya yayyanka shi kamar yadda tela ke yanka bandir: wani yanki ya zaburar da mutum, wani ya kwantar da raɗaɗi. Na biyun shi ne andorfin, ɗan'uwan morfin, allurar kashe raɗaɗi. Tun jariri na ciki ake fara wannan aiki.

Na dawo ina ji da kaina. A wurinmu mace ba ta kuka a kan gwiwa, tsofaffi suna cewa kunya ce da haƙuri. Ni dama ban taɓa yarda ba. Yanzu na samu hujja: maganin jikinsu ne ke aiki.

Bayan shekara shida ciwon daji ya kama ƙanwata Iyatu a nono. Ƙasa na cikin matsi, morfin ya yi wuyar samu. Da ƙyar na haɗa kwalba shida. Na adana, na ce sai ranar da ta yi kuka zan fasa ta farko.

Kullum bayan la'asar ina gidanta a unguwar Rumde Ajiya.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Gaya mini gaskiya, Iyatu."

"Ke da kika yi karatun Yawunde, ni za ki tambaya?" Sai ta yi murmushi. "Gujiyar taki na nan tana aiki."

Ina ganin gumi a goshinta, in ce ai zafin Garwa ne.

Wata huɗu muka yi haka. Ta rasu wata Talata da hantsi. Da muka zo gyara ɗakin, maƙwabciyarta Lauratu ta ɗaga matashi. Ɗankwali uku ne a ƙarƙashinsa, an tauna su har sun zama tsumma.

"Da kin fita take cewa in miƙo mata ɗaya," in ji Lauratu.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ta hana ni, Hajiya. Ta ce ke kika karɓi haihuwarta huɗu, kina yabonta gaban mata cewa ko nishi ba ta yi ba. Wai ba za ta ba ki kunya da tsufanta ba."

Likitan bai yi mana ƙarya ba. Na duba littafina na kwas, ga shi da rubutun hannuna: maganin jiki ba ya isar babban ciwo. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Alluran nan shida wata 'yar ƙabilar Masa mai irin ciwon ce ta samu. Ita ma da na tambaye ta cewa ta yi da sauƙi. Na ce ta miƙo hannu.