Mujiyar Kukar Baba Almu

"Aje karan ga, Muzammilu! Na ce ka aje shi!"

Azumi ta tsallako ɓarakar danga da kwanon kunu a hannu, har ya ɗan zube mata a zane. Muzammilu, ɗan maƙwabcinta Baba Almu, yana durƙushe a gindin kukar da ke tsakanin gidajen biyu, yana cusa kara da busasshiyar ciyawa. Sama da kansa akwai kogo, a ciki mujiya take kwana da 'ya'yanta.

"Inna, ba ki ji ta ba jiya? Tun da tsohon ga ya kwanta take kuka bisa ɗakinai. Sai ta ɗauke shi za mu hankalta?"

Ta ji ta mana. Wa bai ji ta ba a Kamarawa? Ita kanta Azumi tsoron tsuntsuwar take yi, don tun tana ƙarama uwarta kan rufe mata kai da zane in mujiya ta yi kuka, a wurga wa tsuntsuwar garwashi. Amma shekarar da samari suka ƙone babbar kukar bakin fadama saboda mujiyoyi, ɓeraye sun shiga rumbunan gari kamar an aiko su. Rumbunta da na Baba Almu, da ke kusa da kukar mujiyar nan, su ne kawai suka kai damina. Bana kuwa da daji ya gagari noma, ɗan geron da ke cikin rumbun nan shi ne duk abin da take da shi, ita da jikokin da aka bar mata.

Tari ya taso daga ɗaki, sai wata murya siririya. Suka shiga tare. Tsohon yana kwance a tabarma, ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa, amma bakin nan nasa yana nan.

"Kai, mai babur," ya ce wa ɗansa, "da kag ga Mala'ikan Mutuwa na aiken tsuntsu, ina kag gane shi? A Sabon Birni?"

Muzammilu ya sunkuyar da kai. "Baba, tsoro nike ji."

"Na sani. Ni ma ina ji. Amma ba ita ta ba." Ya juyo da ƙyar. "Azumi, tana da ɗiya ƙanana, ba su tashi ba. Amana na ba ki. Za ni in bar su hannunki."

Ta so ta ce ita wace ce da za ta tare gari, ta so ta ce ko kallon kogon ba ta iya yi. Sai ta ji bakinta ya ce, "Na karɓa, Baba." Ta ba shi kunun, ya kurɓa kaɗan ya ture.

Washegari da hantsi ya cika. Allahu Akbar! Kafin azahar an yi masa sutura, maza sun ɗauke shi sun nufi maƙabarta. Azumi tana zaune cikin mata, hawaye na zuba, kunnenta kuwa yana kan raɗe-raɗin da ke zagayawa. Mujiyar ta cinye shi. Ai dama an faɗa. Yanzu saura wa?

Duk hankalinta yana kan maza, ashe ta nan ciki abin zai ɓullo. Radiyya, matar Muzammilu, ta miƙe da jaririnta a goye, ta ɗebi garwashi a kasko ta yi bayan gida. Mata suka bi ta. Karan jiya yana nan a gindin kukar, ba wanda ya kwashe.

Azumi ba ta san lokacin da ta riga su isa ba. Ta zauna daram a kan karan, ta jingina da kukar.

"Inna, ki tashi don Allah," in ji Radiyya. "Ta gama da kakan, ɗana za ta koma ma. Ke ma uwa ta, ki tashi."

Wannan maganar ta soki Azumi, don yarinyar ba mugunta ta kawo ta ba. Ta laluba ƙasa, ta ɗauko wani dunƙule baƙi mai kama da kashin awaki, irin wanda mujiya ke amayarwa. Baba Almu da tsinke yake fasa shi in zai nuna mata, ita ko kusa ba ta taɓa yarda ta taɓa ba. Yau ta murje shi a tafin hannunta. Gashi ya watse, ga ƙananan ƙasusuwa, ga ƙoƙon kan ɓera da dogayen haƙoransa.

"Diba, ɗiyata. Ga abin da take ci. Wanga da ya ci geron da za a dama ma ɗanki."

Wata tsohuwa ta ja tsaki ta ce Azumi ta taɓu. Radiyya ba ta matsa ba, ba ta kuma ajiye kaskon ba. Zafin garwashin har fuskar Azumi yake kaiwa.

A haka Muzammilu ya same su, ƙasar kabari fara fat a ƙafafunsa. Ya dubi matarsa, ya dubi kogon, ya dubi tsohuwar da ke zaune a kan karan da shi da kansa ya tara. In ya ce ta tashi, Azumi ta san ba ta da sauran ƙarfi.

Ya miƙa hannu ya karɓi kaskon daga hannun Radiyya.

"Masu gaisuwa sun cika zaure," ya ce a hankali, "ba a ɗora masu shayi ba."

Ya juya da wutar, mata suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya. Azumi ta daɗe zaune a wurin. Can ta yi ƙarfin hali ta ɗaga kai. A bakin kogon wata farar fuska ta leƙo, ta lumshe ido saboda rana, ta koma ciki. Takalman Baba Almu suna nan a inuwa inda ya saba cire su, ɗan farin gashin tsuntsu ya sauka a kan guda.