Kibiyar da Ta Motsa a Ɗakin Baba

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Baba, kwamfutarsa tana nan a kunne. Mama ta hana a kashe, wai a kunne ya bar ta. Kullum da hantsi Auta, ƙaramar 'yarsa, takan shiga ta goge ƙura, ta tsaya tana kallon wata folda da ya rubuta wa "Na Auta". Har yau ta kasa buɗewa.

Ran nan tana cikin gogewa sai kibiyar allon ta motsa, alhali ba wanda ya taɓa maus. Tsumman ya faɗi daga hannunta. Ta kira Mama.

Mama ta zo da kumfar sabulu a hannu, ta dafa ƙyauren, tana salati ƙasa-ƙasa. Kibiyar kuwa sai aikinta take a natse. Ta ɗauki folda ɗaya ta jefa a kwandon sharar kwamfutar, ta koma ta ɗauko wata.

"Haka Babanki yake yi," in ji Mama. "A hankali, ɗaya bayan ɗaya."

Sai Auta ta tuna. Da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba a gida, ya ba mai gyaran kwamfuta na ofishinsu izinin shiga na'urar daga nesa. Har Baba yana tsokanarta, wai ya sami aljani mai gyara kyauta. Ba wanda ya rufe wannan ƙofar.

Kibiyar ta ɗauki "Na Auta" ta jefa.

Auta ta fizgi maus, ta ja, aka ja. Ta buɗe shafin rubutu, ta rubuta: "Don Allah ka tsaya. 'Yarsa ce. Baba ya rasu."

Kibiyar ta tsaya cak. Sai haruffa suka fara fitowa daga mai gyaran: takarda kawai aka ba shi cewa Malam ya bar aiki, a share na'urar. Bai sani ba. Ya rubuta ta'aziyya, ya goge, ya sake rubutawa. Ya dawo da foldar, ya nuna mata inda za ta danna ta rufe hanyar.

Ta danna.

"Ba shi ba ne, ko?" Mama ta tambaya.

Auta ta girgiza kai. Mama ta share kumfar a zaninta, ta jawo kujerar Baba ta zauna.

"To buɗe mu gani."