Kwanar Jafar Mai Kilishi

"Mai sauka Gidan Caca!" in ji direban keke napep, yana taka birki a wata kwana a unguwar Gawon Nama.

Zuwaira ba ta motsa ba. Ta gyara zaman kwanon naman da ta sayo daga mahauta bisa cinyarta, ta kafa wa ƙeyarsa ido.

"Hajiya, ba nan kika ce ba?"

"Ba Gidan Caca ba ne. Kwanar Jafar Mai Kilishi na ce maka."

"Ai duk ɗaya ne."

"In ɗaya ne, faɗi nawa. Bakinka ba ya ciwo."

Sauran fasinjojin suka yi dariya. Sai da ya faɗa, sannan ta sauka.

Shekara arba'in mahaifinta Jafar ya yi yana shanya kilishi a bakin shagonsa da ke wurin, har kwanar ta ci sunansa. Bayan rasuwarsa wani mutum mai suna Illo ya zo neman haya, ya ce gidan wasa zai buɗe. Zuwaira, wadda kunya ba ta barin ta yi wa baƙon namiji tambaya biyu, ta ɗauka wasan ƙwallo za a riƙa kallo a talabijin. Ta ba shi makulli.

Ashe injina uku ya kawo masu hannu a gefe, da teburin karta, da koren labule. Ya sa wa wurin suna Gidan Sa'a, mutane kuwa suka riƙa ce masa Gidan Caca. Masu jan hannun injin suka zo daga Wamakko, ɗalibai suka zo daga Kwalkwalawa. Wani mahauci ya shiga da babur ya fito a ƙafa. Kwana hamsin da uku aka yi, hukuma ta zo ta kwashe injinan, Illo ya tsallake katanga ya bar takalmi ɗaya.

Shekara uku ke nan. Illo ya tafi, sunan ya zauna. Har a katin biki ta taɓa gani an rubuta: bayan Gidan Caca.

Ranar nan, bayan ta sauka daga keken, ta share shagon, ta jingina allon da ta sa aka rubuta sunan mahaifinta, ta fito da faifan kilishin farko da ta yi da hannunta. Da la'asar 'yan kabu-kabu suka taru a inuwar darbejiya. Ta ja mayafi ta nufe su.

"Baba Ubaidullahi," ta ce wa dattijon cikinsu, "ka ɗanɗana."

Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya rufe ido. "Wanga hannun Jafar ne. Har citta ta yi yawa irin tashi."

"To mi kuke ce ma wanga wuri?"

"Ɗiyata, mu abin da fasinja ya sani shi muke kira."

"Fasinja daga bakinku ya sani."

Wani mai jar hula ya miƙo hannu. "Wallahi ni ban taɓa cewa Gidan Caca ba."

"Kai ka kawo ni shekaranjiya, Abdulshakur. Sau biyu ka faɗa."

Aka kwashe da dariya, amma shi ma ta ba shi. Duk wanda ya karɓa sai ya ce Kwanar Jafar Mai Kilishi. Duk keken da ya tsaya aka kira tsohon suna, sai ta ɗaga murya daga bakin shago: "Ba caca ba ne!" Har muryarta ta dushe.

Dab da magariba wani keke ya tsaya. Direban safe ne. Ya hango ta, ya yi murmushi, ya waiwayi fasinjojinsa.

"Mai sauka Kwanar Ba Caca!"

Wata mata ta sauka ba tare da ta tambaya ba. 'Yan kabu-kabu suka kama sunan suna maimaitawa, suna tafawa.

Zuwaira ta dubi allon mahaifinta, ta dubi faifan da ya kusa ƙarewa.

"An cire gidan," ta ce wa Baba Ubaidullahi. "Saura cacar."

Ta shiga ciki ta fara yanka naman gobe.