Fitila a Rijiyar Masallaci

Nasidi yana cikin noman gyaɗarsa ya jiyo ihu daga cikin gari. Ya yar da fartanya, ya zari ƙotar gatari, ya falfala a guje. Tun kafin ya isa, labari ya tare shi a hanya: wai an kama wani baƙo ya zuba guba a rijiyar masallaci, wadda rabin garin Gwangwan ke sha. Innalillahi! Ruwan nan shi 'ya'yansa suka sha da safe. Ai sai idonsa ya rufe.

Ya kutsa cikin taron. Ga baƙon nan a durƙushe, wani siririn dattijo, riga a yage, ya ɗaga hannu yana son ya yi magana. Wa ke ta tasa? Nasidi ya daddage ya sauke masa ƙota a hannun. Ƙas! Dattijon ya saki ƙara. Wasu samari, irin waɗanda kansu ba ya ja sai wajen ɓarna, har sun fara cewa a kawo fetur.

Sai ga Malam Abdulhadi, mai makarantar allon bayan masallaci, ya ratso ya tsaya a gaban baƙon.

"Duk mai son taɓa shi ya fara da ni," in ji Malam. "Tambaya kawai zan yi. Wa ya ga gubar da idonsa?"

Can Ashiru mahauci, wanda ya fi kowa ɗaga murya ɗazu, ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, ni dai a bakin Salisu mai shayi na ji."

"Kai Ashiru, ji tsoron Allah!" in ji Salisu. "Ni yaushe na ce guba? Asiri na ce."

"To asirin ka gani?" in ji Malam.

"Ban gani ba. Nasidi ne da zai wuce gona ya ce ya ga wani baƙo ya kunna fitila gari a waye, yana zura ta cikin rijiya."

Ido ya dawo kan Nasidi. Tabbas ya faɗa! Da bakinsa ya faɗa, yana kurɓar shayi, ya tashi ya mance. Magana zarar bunu. Ashe tasa ce ta zaga gari, ta yi ƙiba, ta dawo ta same shi a hanya bai ko gane ta ba. Tsoro ya kama shi.

"Da ka gan shi, ka tambaye shi me yake yi?" Malam ya ce masa.

"A'a, Malam."

"To ga shi nan da bakinsa. Bawan Allah, faɗa mana."

Dattijon ya yi magana da ƙyar, yana cije leɓe. "Sunana Yusha'u, daga Yola ta Karaye. Yasar rijiya ce sana'ata. Mai unguwarku ne ya kira ni, ya ce in duba kafin ya dawo daga Rogo. Mu ba ma shiga rijiya sai mun zura fitila a guga. In ta mutu, to iskar ƙasan ba kyau, wanda ya shiga ba ya fitowa."

Salati ya kaure ko'ina. Masu neman fetur tuni suka sulale, ka rantse ba da su aka yi ba.

Nasidi ya saki ƙotar, ya zube a gaban dattijon, hawaye shaɓe-shaɓe. "Baba, don Allah don Annabi ka yafe mini."

Yusha'u ya dubi hannunsa, wanda ya kumbura yana lilo daga tsintsiya, sannan ya dubi Nasidi.

"Na yafe maka, ɗan nan," ya ce. "Sai dai da wannan hannun nake riƙe igiya, kuma ni ba ni da gona."